FILIN SANA'O'I: Mai hoton buki da sunan wanda ya koya masa

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun shiga buhu, makiyaya sun fara gangarowa kudu da bisashensu. Lokacin bukukuwa ke nan. Kowane gari ana jin kiɗa, ana jin guɗa. Kuma a zamanin nan da wuya a yi bukin aure ba mai hoto. A da sai mutanen birni ke kiransa. Yanzu har ƙauye da ruga ana ɗauko shi a kan babur.

Saboda haka a wannan wata filin sana'o'i ya tsaya ga masu ɗaukar hoton buki, musamman na birnin Yamai. Akwai wata gardama da ta daɗe tsakaninsu. Wannan ya ce wancan ya sace masa salo. Wancan ya ce salo ba na kowa ba ne. Manomi zai ce ina ruwansa da faɗan masu hoto. To, da ruwansa. Kuɗin da ake biyan mai hoto daga rumbu suke fitowa, ko daga tunkiyar da aka kai kasuwa.

MISALI NA FARKO

A ce wani manomi daga wajen Dogon Dutsi zai aurar da ɗiyarsa ga wani saurayi mai aiki a Yamai. Saurayi ya shiga shagon wani mai hoto. Mai hoto ya ciro wayarsa, ya nuna masa hotunan amare masu kyawun gaske. Fuska ta fita sarai, lalle ya fita, zane ya fita. Saurayi ya yi murna. Suka yi ciniki, ya ba da rabin kuɗi.

Ranar buki ta zo ta wuce. Da aka kawo hotuna sai aka ga abin takaici. Wasu sun yi duhu. A wasu an yanke kan uwar amarya. Dattawan da suka ɗaura aure ko ɗaya bai fita ba. Ashe hotunan da aka nuna wa saurayi ba aikin mai shagon ba ne. Na wani gwani ne a wani gari. A waya ya tsince su, ya yanke gefen da sunan gwanin yake, ya ce nasa ne.

Mutum biyu ya cuta. Ya cuci gwanin da ya sha wahala, domin ya ci kasuwa da guminsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya kuma cuci masu buki. Idan rigar da tela ya ɗinka ba ta yi ba, ana sake wata. Amma ranar ɗaurin aure ba ta dawowa.

MISALI NA BIYU

A ce kuma wani yaro ya yi shekara 4 yana riƙe wa maigidansa jaka. Ya ga yadda maigidan ke zaunar da amarya kusa da ƙofa, hasken la'asar yana shigowa ta gefe, jeren kwanoni yana bayanta. Da ya buɗe shagonsa, shi ma haka yake yi. Wata rana maigidan ya ga hoton ya ce masa: "Yaro, wannan zaman amarya ai nawa ne." Yaro ya russuna ya ce: "Gaskiya ne, maigida, a wurinka na gani. Kowa ya tambaye ni haka nake gaya masa."

Wannan yaro bai yi sata ba. Shi ya je gidan bukin, shi ya danna kyamara, amaryar kuma wata ce daban. Abin da ya ɗauko salo ne. Kuma ya biya bashin da ke kansa, tun da bai ɓoye inda ya samo ba.

Ashe abu uku ne ya kamata a rarrabe: salo, da hoto, da suna. Salo shi ne dabarar aiki, kamar yadda ake zaunar da mutum, da inda haske ke fitowa, da abin da aka shimfiɗa a baya. Ana koyonsa, ana aronsa. Hoto kuwa na wanda ya ɗauke shi ne. Suna kuma shi ne shaidar da ke haɗa hoto da mai shi. Tarihin wannan sana'a a Yamai da maƙwabciyarta Bamako ya nuna amfanin wannan rarrabewa.

HOTUNAN DA AKA NUNA BA SUNA

A shekarar 1991 an yi wani babban baje kolin ayyukan hannu na Afirka a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka. Cikin kayan da aka nuna akwai wasu tsofaffin hotuna baƙi da fari na mutanen Bamako, sun ci ado. A ƙarƙashinsu aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba.

Wani attajiri mai tara irin waɗannan kaya, Jean Pigozzi, ya gan su, suka ba shi sha'awa. Ya aiki wani Bafaranshe, André Magnin, ya je Bamako ya nemo mai su. Bafaranshen ya isa da kwafin hotunan a hannu. Aka kai shi wurin wani mai hoto da ya iya gyaran kyamara, sunansa Malik Sidibe (a faransanci Malick Sidibé). Malik ya dube su, ya gane hannun. Ya ce aikin Saidu Keita ne (a faransanci Seydou Keïta), kuma yana nan da ransa a cikin gari.

A nan akwai darasi babba. Malik mai hoto ne, shi ma yana neman kasuwa. Baƙo ya zo daga Turai da niyyar saye. Amma bai ce nasa ne ba. Ya faɗi sunan mai su, ya nuna hanyar gidansa. Yabon gwani ya zama dole.

Saidu Keita ɗan kafinta ne. A shekarar 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya kawo masa ƙaramar kyamara daga Senegal. Ya ƙaru da wani malamin makaranta mai ɗaukar hoto, Muntaga Dambele, wanda ya bar shi yana wanke hoto a ɗakinsa. A 1948 ya buɗe shagon kansa. A tsakar gida yake aiki da hasken rana. Yana da kayan aro da yake ba masu zuwa: agogo, alƙalami, tabarau, rediyo, keke, babur. Talaka ya zo ya dafa rediyo, a ɗauke shi kamar mai hali.

Ba Saidu ya fara shimfiɗa zane a baya ba, ba kuma shi ya fara ba da kayan aro ba. Masu hoto sun daɗe suna yin haka a garuruwan bakin teku da Turai tun kafin a haife shi. Aro ya yi. Amma ya ƙara nasa a kai. Yakan sa mace mai zane mai fure a gaban wani zanen mai fure, su haɗu su yi kyau. Ya san yadda zai karkata kafaɗar mutum, da inda zai aza masa hannu. Wannan ne ya sa Malik ya gane aikinsa da kallo ɗaya.

Allah ya sa Saidu ya adana uwayen hotunansa, dubbai. Uwar hoto ita ce baƙar ledar nan da hoto ke fara kamawa a jikinta, wadda daga gare ta ake wanko kwafi ko nawa ake so. A 1994 aka nuna aikinsa a birnin Pari na Faransa, wannan karo da sunansa. Duniya ta san shi, aka sayi hotunansa da tsada. Ya rasu a 2001. Da Malik ya yi shiru, watakila da har yau ana cewa ba a san mai su ba.

ƊAN MAKIYAYA DA YA ZAMA GWANI

Shi kansa Malik Sidibe Bafulatani ne daga ƙauyen Soloba, kudancin Mali. Ya yi kiwo yana yaro. Da aka sa shi makaranta sai aka ga ya iya zane. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto a Bamako, Gérard Guillat, ya kira shi ya ƙawata masa shago. Daga nan ya ɗauke shi yaron shago. Shi ake aikawa wuraren bukin aure da suna da rawar samari. Daga baya ya buɗe nasa shago a unguwar Bagadaji.

A 2007, a birnin Benis na ƙasar Italiya, aka ba Malik babbar lambar girma da ake kira Zakin Zinariya, saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Duk da haka, idan yana ba da tarihinsa, yakan faɗi shagon da ya fara koyo da sunan mai shagon. Faɗin bai rage masa kome ba. Ya rasu a 2016.

MAI HOTON YAMAI

A daidai wannan zamani Yamai ma tana da nata gwani. Sunansa Filip Kujina (a faransanci Philippe Koudjina). An haife shi a Kwatano a 1940, ya zo Yamai yana saurayi, ya zauna. A shekarun 1960 da na 1970 yakan rataya kyamara ya bi wuraren rawa da shagulgula, yana ɗaukar samari da ƴanmatan birni cikin adonsu. Wanda ke son ya ga yadda Yamai take bayan samun mulkin kai, ya dubi hotunan Kujina.

Masana hoto sukan kwatanta aikinsa da na Malik Sidibe. Lalle akwai kama. Amma kama ba ta nuna sata. Mali da Nijar shekara ɗaya suka sami mulkin kai, wato 1960. Bamako da Yamai kogi ɗaya suke sha, kogin Isa. Samarin garuruwan biyu irin faifai ɗaya suke ji, irin wando ɗaya suke so. Mutum biyu da suka shuka gero a damana ɗaya, gonakinsu za su yi kama, ba wanda ya shiga gonar wani. Wannan ya kamata masu hoto su tuna kafin su zargi juna.

Ƙarshen Kujina ya zo da wahala. A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai launi suka shigo garuruwan Afirka ta Yamma. Suna da sauri, suna da araha. Masu wanke baƙi da fari da hannu kasuwarsu ta faɗi. Ga shi kuma ciwon ido ya kama shi, mota ta buge shi, ya koma tafiya da sanduna. A 2006 wasu mutum biyu ƴan ƙasar Holan suka fitar da fim a kansa mai suna Photo Souvenir, wato hoton tunawa. Fim ɗin ya nuna shi cikin talauci, yana neman taimako a bakin hanya, uwayen hotunansa suna shan ƙura a cikin kabad. Ya rasu a Yamai a 2014.

Abin da ya durƙusar da shi cuta ce da haɗari da sauyin zamani. Amma labarinsa ya nuna wani abu. Mai hoto da ido yake ci. Ranar da ido ya gaza, ba shi da gona, ba shi da garke. Abin da ya rage masa shi ne aikin da ya riga ya yi da sunan da ke jikin aikin. Wannan shi ne rumbunsa na tsufa. Duk wanda ya goge sunan mai hoto, rumbun nan ya fasa.

ABIN DA MAKIYAYA DA MANOMA SUKA RIGA SUKA SANI

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutanen karkara. Fulani suna da al'adar da ake kira habbanaye. Mai garke ya ba wanda ya rasa aron saniya ko akuya. Ya kiwata ta, ya sha nononta. Idan ta haihu, ƴaƴan nasa ne. Bayan haihuwar da aka yi alkawari sai ya mayar da uwar ga mai ita, da godiya. Ko garkensa ya kai ɗari, ba ya musun cewa daga saniyar wane ya tashi. Wanda ya musa ya ji kunya a idon dangi.

Haka aron salo yake. Salon maigida shi ne saniya. Hotunan da yaro ya ɗauka da hannunsa su ne ƴaƴa, nasa ne halak. Faɗin sunan maigida shi ne mayar da uwa. Amma wanda ya kwashi hoton wani ya yanke suna, shi ne mutumin da ya kore saniyar wani da dare, ya sake mata shaida a kunne.

Manoma ma sun san wannan. Albasar Galmi ana nomanta a wurare da dama nesa da Galmi, har a wasu ƙasashe. Ba wanda ya hana. Amma sunan Galmi yana biye da ita, domin manoman can ne suka daɗe suna zaɓen irinta har ta yi suna. Hukumar OAPI, wadda ke kula da irin wannan haƙƙi a ƙasashen Afirka da dama, mai mazauni a Yawunde, ta yi wa sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar rajista. Dalili shi ne kada wani ya ci kasuwa da sunan da bai wahala a kansa ba.

Ko a makarantar allo haka ne. Idan aka ce wane malami ne, tambayar farko ita ce: a wurin wa ya yi karatu? Wanda ya faɗi malaminsa ana ƙara yarda da shi. Wanda ya ce shi ba wanda ya koya masa, sai a fara shakkarsa.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu ƙirƙira. An yi ta a 1993, aka sabunta ta a 2010. A 1995 aka kafa ofishin da ke kula da wannan aiki, wanda ake kira BNDA, a Yamai. Mutane da yawa suna zaton dokar ta mawaƙa da marubuta ce kaɗai. Ba haka ba ne. Ta haɗa da hoto.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe daga cikinta. Na ɗaya, doka tana kare aikin da aka riga aka yi, ba dabarar da ke cikin kai ba. Ba wanda zai ce shi kaɗai ke da ikon zaunar da amarya a bakin ƙofa, ko ɗaukar ango da abokansa a bakin kogi. Na biyu, wanda ya ɗauki hoto yana da haƙƙin a ambaci sunansa a kan aikinsa. Na uku, ba a ɗaukar hoton wani a buga, ko a sayar, ko a yi talla da shi, sai da izininsa.

Ashe doka ta hana abin da mai hoton misali na farko ya yi. Amma ba ta tilasta wa yaron misali na biyu ya faɗi sunan maigidansa ba. Wannan ba aikin alƙali ba ne. Aikin kunya ne da mutunci, kamar mayar da saniyar habbanaye.

Akwai kuma haƙƙin amarya da danginta. Fuskar da ke cikin hoton tasu ce. Mai hoton kirki ba ya liƙa hoton matar mutum a ƙofar shago, ba ya watsa shi a Facebook ko WhatsApp, sai ya nemi yardar masu gida. An sha samun ɓacin rai tsakanin surukai a kan wannan.

ME YA SA ABIN YA YI YAWA YANZU?

A zamanin su Kujina satar hoto tana da wuya. Uwar hoto tana hannun mai ita. Masu shago da yawa suna da hatimi, sukan buga sunan shago a bayan takarda. Yanzu kyamara ba ta da leda. Hoto yana tafiya daga waya zuwa waya cikin ƙiftawar ido. Wanda aka ɗauka a Kano da safe, kafin azahar ya isa Maraɗi da Damagaram da Yamai. Gwanaye sukan rubuta sunansu a gefen hoto. Amma yatsa biyu sun isa su yanke gefen.

Salo ma haka yake yawo. Finafinan Indiya sun daɗe suna ba masu finafinan Kano sha'awa. Masu hoton buki kuma suna kallon finafinan Kano suna kwaikwayo. Hoton kafin aure, inda saurayi da budurwa ke sa kaya iri ɗaya, shi ma ta waya ya yaɗu. Shi ya sa idan aka jera hotunan bukukuwa goma, sai a ga kamar amarya ɗaya ce ake sauya wa zane. Zanen aro ba ya rufe katara.

YADDA MAI HOTO ZAI SAMI HANNUN KANSA

Koyo da kwaikwayo ake fara shi. Ba laifi. Laifi shi ne a tsufa a nan. Saidu Keita ya ari zane da rediyo, amma ya dubi mutanen Bamako da idonsa. Kujina ya dubi samarin Yamai da nasa. Abin da ya sa ake neman hotunansu har yau ke nan. Ba don sun yi kama da na Turai ba. Don sun nuna garinsu yadda yake.

Mai hoton da aka kira ƙauye yana da abin da na birni ba shi da shi. Ga dattawa zaune a kan tabarma ana raba goro da dabino. Ga tsohuwa tana sa wa jikarta lalle. Ga jeren ƙorai da uwa ta daɗe tana tarawa. Ga ƙawaye ɗauke da kaya a ka, sun yi layi a kan hanyar gona. Ga raƙumi ko amalanke da za a kai amarya. Waɗannan ba a samunsu a wayar kowa. Wanda idonsa ke kan waya yana neman yadda aka yi a Kano, uwar amarya za ta share hawaye ta gama bai gani ba.

Haske ma abin lura ne. Ranar tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, fuska ta yi duhu. Hasken hantsi da na la'asar sun fi taushi. Bakin zaure da inuwar bishiya suna fitar da fuska. Wanda ya san hasken garinsu ya fi wanda ya haddace salo ɗari na wasu.

SHAWARA GA MASU BUKI

1. Kafin a biya, a ce mai hoto ya nuna hotunan buki guda daga farko har ƙarshe. Hoto ɗaya ko biyu masu kyau ba su isa shaida ba.

2. A tambaye shi gidan wa ya yi aikin. Idan da hali a tambayi mutanen gidan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

3. A tambaye shi wa ya koya masa. Wanda ya faɗa ba tare da jin nauyi ba, alama ce ta mai gaskiya.

4. A rubuta ciniki a takarda: kuɗi nawa, hoto nawa, wace rana za a kawo, kuma an yarda ya nuna wa wasu ko ba a yarda ba. Ga amfanin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya rubutu ba a juya masa magana.

5. Idan hoto ya zo, a rubuta a bayansa sunan ango da amarya, da gari, da shekara, da sunan mai hoto. Idan za a aika wa dangi ta waya, kada a yanke sunan da ke gefe.

SHAWARA GA MASU HOTO

1. Kada mutum ya nuna aikin wani ya ce nasa ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar buki asiri zai tonu.

2. Idan ango ya kawo hoton wani ya ce irinsa yake so, a gaya masa gaskiya: wannan aikin wane ne, za a gwada irinsa gwargwadon iyawa.

3. Wanda ya ari salo ya faɗi inda ya gani, ko ba a tambaye shi ba. Wanda aka ara a wurinsa kuma ya yi haƙuri. Shi ma a wurin wani ya gani.

4. Idan maigida ya aiki yaronsa buki, yaron ya ɗauko hoto mai kyau, ya kamata maigida ya faɗi cewa hannun yaron ne. Haƙƙi ba daga ƙasa zuwa sama kaɗai yake tafiya ba.

5. Kowa ya sa sunansa a kan aikinsa, ya adana shi a wuri biyu. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Da Saidu Keita bai adana uwayen hotunansa ba, da baƙon nan ya koma hannu wofi.

Duk gidan da ke da tsohon hoton bukin iyaye ko kakanni, a ciro shi a juya bayansa. Idan da hatimi, a karanta wa yara sunan. Idan babu, a tambayi tsofaffi tun suna da rai, a rubuta.

Malaman yaƙi da jahilci suna iya karanta wannan fili a aji, a tattauna a kan misalan nan biyu. Wanda ke da tambaya ko wata sana'a da yake so a duba, ya rubuto wa jarida ta hannun malaminsa. Allah ya ba amare da angwayen bana zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.